Ƙofa goma sha huɗu da littafin Alhaji

Aikina sa wa ƙofofi makullin lantarki ne, irin wanda ake buɗewa da kati ko da zanen yatsa. A Yamai nake, kuma babban aikin da na fara samu da sunana shi ne na wani bene mai hawa uku a unguwar Filato, ofishin wata ƙungiya mai ma'aikata kusan tamanin. Ƙofa goma sha huɗu, a shekarar 2018. Don in ci kwangilar sai na matse kuɗin, don in samu riba kuma sai na tsinto kayan nan da can: na'urorin karanta kati daga wani mai kanti kusa da Babbar Kasuwa, allon da ke sarrafa ƙofofin daga wani yaro da ke yo oda daga Dubai, batura da wayoyi daga kasuwar Katako. Komai ya yi aiki ranar da na miƙa, har da tafi.

Wata bakwai bayan nan suka ɗauki sababbin ma'aikata, suka ce in kawo kati talatin. Mai kantin farko ya ce nasa sun ƙare, na saya a wani wuri. Fari ne fat, girmansu ɗaya da na da, aka buga hotuna da sunaye a kai. Ranar Litinin da safe gardi ya kira ni: "Maigida, ka zo, mutane na tsaye a rana, ƙofa ta ƙi su." Na iske wata mata tana goga katinta a jikin zanenta tana sake karawa, na'ura ko ƙyas. Ashe zangon rediyon da suke magana da na'ura a kai ne ya bambanta: katin da ke cikin ginin mai 125 kHz ne, wanda na kawo mai 13.56 MHz ne. Ido ba ya bambanta su, na'ura kuwa ba ta ma san an kara mata wani abu ba. Daga aljihuna na biya katin da bugun duka.

Wannan ƙaramin abu ne a kan abin da damina ta kawo. Tsawa ta faɗi kusa, allo ɗaya mai riƙe da ƙofa huɗu ya ƙone. Na nemi yaron Dubai, ashe ya bar harkar ya koma sayar da faranti mai aiki da hasken rana. Irin allon babu a gari, manhajar da ya ba ni kuma ba ta da lasisi, ba ta san allon wani kamfani ba. Dole na canza alluna duka huɗu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zanen yatsa: kowane kamfani da yadda yake ajiye shi, ba kasafai ake iya kwashewa daga wannan a zuba a wancan ba. Kwana uku ina zaune a bakin ƙofa ina kiran mutum tamanin ɗaya bayan ɗaya suna danna yatsa. Daraktar ƙungiyar ta wuce ni sau biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

A lokacin ne wani abokin sana'a ya kai ni wajen wani dattijo da zan kira Alhaji kawai. Kayan kamfani biyu rak yake kawowa, kuma ya fi kowa tsada da ɗan abin da ba a rasa ba. Da na faɗi abin da nake so, bai ɗauko kaya ba, wani babban littafi mai baƙin bango ya jawo. Ya tambayi ginin, yawan ƙofofi, wace ce ta katako, wace ce ta ƙarfe, wace ce hanyar gudu idan gobara ta tashi. Na ƙosa, na ce, "Alhaji, allo na zo saye." Ya ce, "Malam, allon zan ba ka. Amma shekara biyar nan gaba ni za ka kira da dare, gara in san abin da ke bangon."

Kowane abokin cinikinsa da shafinsa. A nawa akwai lambar kowane allo, sigar manhajar da ke ciki, irin katin, lambar da aka tsaya a kai, da ranar da aka sa kowane batir. Wannan na lambar kati ba wasa ba ne. Tsarin lambar kati da ake ce wa Wiegand mai bit 26 yana da lambar gida, wato ta ginin, daga 0 zuwa 255, da lambar kati da ba ta wuce 65,535. In mutum biyu suka samu lamba ɗaya, kwamfuta za ta rubuta cewa ma'aji ne ya shiga ɗakin ajiya, alhali direba ne. Tun da na koma wajensa, in na ce kati ashirin, daga inda muka tsaya yake ci gaba.

Shi ne kuma ya gyara mini fahimtar batir. Makullin maganaɗisu, wanda muke ce wa bantuz, yana riƙe nauyin kilo 280 muddin akwai wuta, da ta ɗauke sai ya saki. Da gangan aka yi shi haka don kada mutane su maƙale cikin gobara. Ke nan duk tsaron ƙofar ya rataya ne a kan ɗan batir mai bolt 12 da ke cikin akwati. Shi kuwa irin wannan batir an auna rayuwarsa ne a zafin digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin kusan digiri goma yana rage ta da rabi. A Yamai, inda Afrilu da Mayu ke haura 40, akwatin da na kafa ƙarƙashin rufin kwano tanda ce. Na buɗe ɗaya na iske batirin ya kumbura kamar burodi. Yanzu cikin Fabrairu saƙonsa ke shigowa: gini kaza, batir shida sun cika shekara biyu, a canza kafin bazara.

Inda na san darajar shafin nan sosai shi ne 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa wa Nijar takunkumi, iyakar Benin ta rufe, kayan da ke tashar Kwatano suka tsaya cik, farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Wuta ta riƙa ɗaukewa awa da awa, batura ba sa samun cika kafin ta sake tafiya, suka fara mutuwa a jere. Duk mai bantuz a gari ya bazama neman batir. Na je wajen Alhaji gabana na faɗuwa, na iske mutum uku a gabansa da kuɗi a hannu yana ba su haƙuri. Da suka fita ya ce wa yaronsa ya ɗauko kwali biyu daga ciki, da sunana a jiki da alli. Tun makon farko ya zauna da littafin ya raba abin da ya rage masa a kan tsofaffin abokan ciniki, gwargwadon ƙofofin kowa. Ya ƙara kuɗi, bai ɓoye ba, ya faɗa mini nawa da dalili, ya kuma ce in biya in ƙungiyar ta biya ni. Da wani allo ya lalace a Oktoba, tsoho ya ara mini wanda ya gyara, na riƙe shi har kayansa suka iso ta Lome, suka ratso Burkina cikin ayarin manyan motoci ta Kaya da Dori zuwa Tera. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma gadar Gaya da ke iyakar Benin ba ta buɗe ba, don haka doguwar hanyar ya ci gaba da bi.

Kada a ɗauka ba mu taɓa saɓawa ba. Lokacin da na mai da ginin kan wani kati mai wuyar kwafa da ake ce wa DESFire, saboda na 125 kHz ana kwafarsa cikin daƙiƙoƙi da ƴar na'urar da ake samu a intanet, kuma wani irin katin da ake ce wa MIFARE Classic ma tun 2008 masu bincike suka fasa sirrinsa, sai na lura mabuɗin sirrin katin a kwamfutar Alhaji kaɗai yake. Na ce a ba ƙungiyar kwafi. Ransa ya ɓaci, ya ce ashe ban yarda da shi ba. Na ce, "Alhaji, na yarda da kai, amma rai na hannun Allah, kuma ginin ba nawa ba ne ba naka ba." Mako biyu muna gaisuwa sama-sama. Daga baya ya rubuta mabuɗin da kalmar sirrin manhajar, muka sa a ambulan, muka liƙe, Darakta ta jefa a akwatin kuɗi. Haka kuma sau biyu a shekara nakan zaga in ji farashin wasu. Sau ɗaya na ga tazarar ta yi yawa a kan na'urar karanta kati, na nuna masa, ya rage rabin bambancin ya ce sauran kuɗin garanti ne. Na karɓa, don na ga yadda yake canza wadda ta mutu ba gardama.

Ni ma da nawa nauyin. Ba na bari ya tambaye ni kuɗinsa. In ina neman wani aiki, tun wata uku kafin a sa hannu nake sanar da shi don ya sa kayan cikin odarsa. In abu ya lalace, hoto da lambarsa nake tura masa, ban da surutu. Da na gano ƙurar hunturu na rufe gilashin na'urar yatsa ta ƙofar waje har ta daina gane mutane, na gaya masa, ya daina ba kowa irinta don waje sai da rumfa.

Bana na samu aikin ƙofa shida a Tawa, tafiyar fiye da kilomita 500. Ban yarda na sa hannu ba sai da muka shirya cewa za a bar allo ɗaya da batir biyu a can cikin kabad, sauran kuma in an kira da safe zai sa a motar fasinja ta gobe. Ɗansa ne ya buɗe mini sabon shafin, a kwamfuta yanzu, Alhaji na gefe yana faɗa masa abin da zai rubuta yana kuma kwafewa cikin littafin da hannunsa.