Ranar da aka rufe gwanjon injin Kawu

Alhamis, Argungu

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna na yammacin yau aka rufe tayi a kan injin ban-ruwan Kawu. Shi ne abu na farko da na taɓa sawa a gwanjon intanet, shi ya sa tun da na fito daga masallaci da asuba hankalina ke kan waya.

Injin inci uku ne mai shan fetur, ya yi wa Kawu noman rani na shinkafa shekara da shekaru a fadama. Abin da ya raba su shi ne kuɗin mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Shinkafa ba ta san wannan ba, ruwanta take so. Maƙwabcin gonarsa ya sa na sola, Kawu ya je ya tsaya ya ga yadda ruwa ke zuba babu ƙara babu jarka, ya dawo ya ce shi ma can ya nufa. Dillalin da aka fara kirawa ya zagaya injin, ya taya naira 45,000. Kawu ya ce albarka. Nan na roƙe shi ya bar ni in gwada a waya.

Dandalin da na sa shi na mutanen yankinmu ne, akasari 'yan Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ana kawo kayan gona da wayoyi da babura. Ƙa'idarsu ba wuya. Mai kaya zai faɗi inda tayi zai fara da lokacin rufewa, duk mai ƙari ba zai ƙara ƙasa da naira 1,000 ba, wanda ya fi kowa a lokacin rufewa shi ya saya. Kuɗi ba hannun mai kaya suke zuwa kai tsaye ba. Masu kula da dandalin ke riƙewa har mai saye ya ce kaya sun iso, sannan su cire la'adarsu, biyar cikin ɗari, su turo sauran. Wannan ne ya kwantar wa Kawu da hankali, don ya sha jin labarin alat na bogi a bakin masu shago.

Ranar Litinin na wanke injin, muka kai shi bakin ruwa, na ɗauki bidiyo tun daga jan igiya har ruwa ya fito ta tiyo. A bayanin na rubuta komai: an canja igiyar tayarwa, an taɓa wanke kafireta, yana ɗan hayaƙi idan an tayar da shi da sanyin safiya, kuma tiyon da za a haɗa da shi yana da faci wuri biyu. Abokina da ya nuna min dandalin ya ce maganar hayaƙin nan za ta kori mutane. Na bar ta. Wanda zai saya manomi ne, ranar farko zai gani da idonsa, kuma lambata ce a jikin tallar. Na taɓa karanta cewa abu na farko da aka sayar a eBay, babbar kasuwar gwanjo ta intanet, a 1995, lokacin da Pierre Omidyar ya buɗe shi a Amurka, ɗan tocilan lesa ne da ya lalace, ya kuma faɗa cewa lalatacce ne, duk da haka aka saye shi dala 14.83. Labarin ya zauna min a rai.

Na fara da naira 40,000. Da safiyar yau tayi yana 52,000, kuma tun jiya da azahar bai motsa ba. Na leƙa da hantsi, yana nan. Na leƙa bayan na dawo daga kai wa Inna niƙa, yana nan. Mutum uku ne kawai suka taya, sai masu tambaya da yawa: shekararsa nawa, lita nawa yake sha a wuni, za a iya kawo shi Gummi? Na amsa wa kowa iya abin da Kawu ya gaya min. Wani ya biyo ni ta bayan fage ya ce in cire tallar, zai ba ni 60,000 yanzu-yanzu ya turo yaro ya ɗauka. Na ce ya je ya taya inda kowa ke tayawa. Bai sake magana ba, kuma ban ga sunansa cikin masu tayi ba har aka rufe.

Abin da ya fi tsaya min a yau ya faru ne bayan azahar, a zauren Kawu. Yaya, babban ɗansa, ya karɓi wayar ya duba, ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Shi zai shiga da lambarsa ya taya 60,000, abokinsa ya ɗora 63,000, masu so na gaskiya su ga ana rububi su taso. Idan kuma ya faɗa hannunsu, sai a ce mai saye ya fasa a sake sawa. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, so yake mahaifinsa ya samu kuɗin sola kafin a fara zuba iri.

Kawu yana gyaran carbinsa da ya tsinke, bai ɗago ba ya ce, "Kai za ka saya?"

Yaya ya ce, "A'a Baba, don dai a motsa su ne."

Kawu ya ce, "To wannan shi ne najashi. Ka taya abin da ba ka da niyyar saye don ka ruɗi ɗan'uwanka ya ƙara. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana, yana nan cikin Muwaɗɗa, hadisin Ibn Umar. Ba a ƙofata ba."

Sai ya juyo gare ni ya ce kada in ɗauka gwanjon kansa ne ke da laifi. Ya kawo hadisin Anas, inda wani mutum mabuƙaci ya zo da shimfiɗa da ƙwarya, Annabi ya ɗaga ya ce wa zai saya, wani ya ce dirhami ɗaya, ya ce wa zai ƙara, wani ya ce biyu, aka sallama masa. Ya ce ƙari halal ne matuƙar mai ƙarin da gaske yake. Na gaya masa cewa manyan kasuwannin gwanjo na intanet ma, irin su eBay, sun haramta mai kaya ya sa 'yan'uwa ko abokai su riƙa ɗaga masa farashi, suna rufe asusun wanda suka kama. Ya ce to, ashe su ma sun ga ɓarnarsa.

Ni dai na ji sanyi a raina da ya yi maganar, don da ni aka bari da Yaya, ban san yadda zan ce wa babba a'a ba. Amma fa ban daina jin tsoro ba. Idan aka rufe a 52,000, bayan la'ada abin da zai rage bai fi na dillali da wani abin kirki ba, kuma ni na sa Kawu ya jira. Ba a janye kaya bayan an fara tayi, na amince da wannan tun ranar da na shiga.

Muka yi la'asar muka dawo. Ƙarfe huɗu da rabi tayi na nan yadda yake. Saura kwata sai ga 53,000 daga wani sabon suna. Kafin in gaya wa Kawu, wanda ke riƙe da 52,000 ya mayar 55,000. Daga nan abin ya ɓalle. Ashe masu so suna nan, shiru suka yi don kada su tayar da farashi da wuri, kowa na jiran ƙarshe. Ina karantawa da ƙarfi, Yaya na tsaye a kaina, yara sun cika ƙofar zaure. 60,000. 64,000. Wani daga Yauri ya shigo da 70,000 lokaci guda, ina jin don ya tsorata sauran ne. Sabis ya ɗauke na ɗan lokaci, na fita da gudu tsakar gida ina ɗaga waya sama, da ya dawo na tarar 76,000. Dandalin yana da wata doka da na ga amfaninta yau: duk tayin da ya shigo a mintin ƙarshe, ana ƙara minti biyu, don kada mai saurin yatsa ya ƙwace daga wanda sabis ya yi wa nauyi. Da haka aka ja har biyar da 'yan mintuna, aka rufe a naira 81,000.

Kawu ya ce alhamdu lillahi, ya ce in rubuta cewa ya sallama.

Wanda ya saya manomin albasa ne daga Aliero. Ya kira ni da kansa, muka gaisa, ya tambayi Kawu da jiki da gona. Ya ce gonarsa ƙarama ce, kuɗin sola sun fi ƙarfinsa a bana, kuma dashen albasa ba ya jira. Sai ya ce, "Malam, ka san abin da ya sa na tsaya a kan naka? Maganar hayaƙin nan. Na ce wanda ya faɗi wannan, da akwai wani abu da ya faɗa." Ya ce wataƙila ringin cikin injin ne ke sa hayaƙin, yana da makanike a Jega da zai duba. Na miƙa wa Kawu wayar suka yi ta hirar ruwa da taki kamar sun san juna.

Kafin magariba masu dandalin suka tabbatar kuɗi sun shiga hannunsu. Ban tsaya kan hoton rasit ba, sai da su suka faɗa. Muka juye sauran man da ke tanki, muka naɗe tiyo, Yaya da kansa ya ɗaure injin cikin buhu ya ɗora a babur muka kai tasha. Motar Birnin Kebbi ta ƙarshe na lodi. Na yi magana da ɗan kamasho, aka rubuta sunan mai saye da lambarsa a jikin buhun, na ɗauki hoton lambar motar da ta direba na tura masa. Ƙaninsa zai tarbi kayan a Birnin Kebbi, gobe da safe ya bi da su ta Kalgo da Jega. Kuɗin mota a kansa, haka muka yi tun farko.

Lissafin da na yi wa Kawu bayan isha'i: la'ada naira 4,050, saura 76,950, za su shigo idan mutumin ya tayar da injin ya ce ya gamsu. Ba su kai kuɗin sola ba, da sauran tafiya. Kawu ya ce zai haɗa da buhunan shanshera da ya ajiye, ranar Asabar mu je Birnin Kebbi mu ji farashin faranti da famfo. Ya kuma ce in kira mutumin Aliero gobe da hantsi in gaya masa ya canja baƙin mai kafin ya sa injin aiki, don na ciki ya daɗe.