Yadda na farfaɗo da goɗiyar dawa da yunwa ta kusa kashewa

Goɗiyar tana daga cikin dawakin dawa na yammacin Amurka, waɗanda ake kira mustan. A jihar Nebada aka kama ta, wani ya karɓe ta riƙo, ya zuba ta a ɗan shinge ya yi watsi da ita. Ranar da ta iso hannuna ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, ƙasusuwan ƙugu sun yi cirko-cirko, kofatan gaba sun yi tsawo har sun fara lanƙwashewa sama. Ragamar da aka sa mata tun ranar ɗauko ta ba a taɓa cire ta ba, ta ci fatar karan hanci ta nutse a ciki. A ma'aunin Henneke, wanda ake auna ƙibar doki da shi daga 1 zuwa 9, likitan dabbobi ya ba ta 2.

Wuyanta na fara dubawa, ta ɓangaren hagu. Dokin dawa da hukumar kula da filaye ta Amurka, wato BLM, ta kama, a wuyan take buga masa tambari da ƙarfe mai tsananin sanyi, gashin wurin ya fito fari, ɗauke da shekarar haihuwa da lambar rajista. Tun da aka kafa dokar kare dawakin dawa a 1971 suna ƙarƙashin gwamnati, kuma mai riƙo ba ya mallakar doki sai ya shekara da shi ya karɓi takardar mallaka. In babu wannan takarda, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, sai dai a sanar da hukumar. Tata takardar ta fita, don haka hannu kawai aka sa mini.

Na sa ta a shingen bututun ƙarfe mai tsayin ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 20 sau 20, wanda shi ne mafi ƙanƙantar abin da hukumar ke yarda da shi ga babban dokin da ba a horar ba. Babu waya mai ƙaya, domin dokin dawa in ya firgita ba ya ganin waya, ratsa ta yake yi. Na nesanta ta da sauran dawaki har kwana 21, da bokitinta da cebur ɗinta daban, saboda cutar nan mai kumbura kaluluwar maƙogwaro da zubar majina.

Wurin abinci ne aka fi kashe irin waɗannan dawaki, kuma masu tausayi ne ke kashe su. Mutum ya ga dabba ta rame, sai ya cika mata kwano da hatsi. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya riga ya ƙarar da ajiyarsa ta sinadarai. Da sitaci ya shiga, insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sai ya yi sama, ya janye fosforas da fotasiyam da maganiziyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, zuciya da numfashi su gaza. Yawanci tsakanin kwana na uku da na biyar abin ke faruwa, lokacin da mai doki ke murna cewa tana ci.

Tsarin da Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta fitar na bi. Kwana uku na farko, rabin kilo na busasshiyar alfalfa mai ganye duk bayan awa huɗu, dare da rana, kusan kilo 3 ke nan a yini. Alfalfa 'yar uwar harawar wake da ta gyaɗa ce, sitacinta kaɗan ne, tana da furotin da sinadaran da jikin ke nema. Daga kwana na huɗu na riƙa ƙara yawan abincin ina rage yawan lokutan bayarwa, har a kwana na shida ya zama kusan kilo 2 duk awa takwas. Wannan lissafin na doki mai cikakken girma ne, ita kuwa ƙarama ce, sai na rage mata kaɗan. Bayan kwana goma na bar ta ta ci iya cinta sau biyu a rana. Ruwa ba ya yankewa a gabanta. Hatsi da dusa kuwa ba ta gan su ba sai a wata na uku, da ɗan hannu.

Kuskurena na farko, a ƙasa nake zuba mata harawar, ƙasar kuma yashi ce. Doki mai yunwa yana tsince ganye har na ƙarshe, yana haɗiye yashi tare da shi. A mako na biyu ta fara zawo. Na ɗebi kashinta na kwaɓa da ruwa a cikin leda na rataye. Bayan 'yan mintoci ga yashi kwance a ƙasan ledar. Na koma zuba mata a babban baho kan shimfiɗar roba, zawon ya tsaya.

A kwana na 12 likita ya cire ragamar. Mun matse ta a hankali tsakanin ƙyaure da bangon shinge, ya yi mata allurar kwantar da hankali kaɗan, ya yanke igiyar, ya wanke raunin, ya yi mata rigakafin tetanus. Maganin tsutsar ciki bai bayar ba a ranar. Sai da aka gwada kashinta, ta kuma ɗan yi ƙarfi, sannan aka ba ta ibamektin, domin in tsutsa ta mutu da yawa lokaci guda tana iya toshe hanji. Moksidektin, wani maganin tsutsar, ba a ba ramammen doki, saboda a kitse maganin ke zama, ita kuwa ba ta da kitsen.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari. A makonnin farko tana tsayawa cik in na shiga, kai a sunkuye, na ɗauka ta saba da mutum. Ashe rashin ƙarfi ne. A mako na shida, da jiki ya fara dawowa, na nufe ta kai tsaye kamar kullum, ta juya ta saki harbi da ƙafa biyu, bututun shinge ya lotsa. Daga ranar na soma horo daga tushe, kamar jiya aka kamo ta.

Minti 15 zuwa 20, safe da yamma. Ina tunkarar kafaɗarta a karkace, domin doki ba ya ganin abin da ke daidai gaban goshinsa ko daidai bayansa. Da ta juyo da kunne ko ta dube ni, sai in ja da baya. Ja da bayan nan shi ne ladanta, da shi take gane abin da ake so. Taɓawar farko da gora mai tsawon mita 3 na yi, ina sosa mata doron kafaɗa, inda dawaki ke sosa wa junansu, kullum ina rage tsawon gorar har hannuna ya isa. In ta sauke kai tana lasar baki tana tauna, a nan nake tsayawa. Duk abin da na koya mata ta hagu sai na sake shi ta dama daga farko. Ɗaga ƙafa da igiya mai laushi na fara shi, kuma sai a mako na goma mai gyaran kofato ya iya aiki. Bai datse tsawon a zama ɗaya ba, sau uku ya zo, don kada jijiyoyin ƙafa su sha wahalar canjin tsayuwa. Likita ya goge kaifin haƙoranta da ke yanka kumatu, ta daina zubar da harawa daga baki.

A wata na biyar ta kai 5 a ma'aunin. Ban neme mata gida ba sai da ta yarda a kama ta a fili, a ja ta, a ɗaga ƙafafunta huɗu, ta shiga motar ɗaukar dawaki ta fito ba gardama, kuma a hannun mutane uku daban, don dokin dawa yakan amince da mutum ɗaya ya ƙi kowa. Mutum biyu na mayar, ɗaya shingensa waya ce, ɗaya yana son ɗansa ya hau ta a makon. Wadda ta karɓe ta ta zo sau huɗu tana aiki da ita a gabana, ni ma na je na ga shingenta da ɗaya dokin da za su zauna tare. Mun rubuta yarjejeniya cewa ba za ta sayar da ita ba, in riƙo ya gagare ta ta dawo mini da ita. Na haɗa mata da takardar mallaka, da sakamakon gwajin jini na Coggins da ake nema kafin a tsallaka da doki wata jiha, da harawar mako biyu irin wadda ta saba ci, don a canja mata abinci sannu a hankali.