Rufin asirin jama'a ma batun tarbiyya ne

A Kano, duk lokacin da aka ɗauko zancen ɗa'a a intanet, hankalinmu kan tafi kai tsaye zuwa TikTok, wato rawa da shigar banza da ashar. Malamai suna wa'azi a kai, gidajen rediyo suna buɗe layukan waya, Hukumar Hisba kuma tana gayyatar waɗanda ake ƙorafi a kansu. Ba na raina wannan damuwa ko kaɗan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shirun da muka yi a kan wata ɓarnar da ta fi cutar da talaka, wato wasa da sirrin mutane.

A dubi manhajojin bayar da rance. Mutum zai nemi ɗan bashi saboda larurar asibiti ko kuɗin makaranta, amma kafin a ba shi sai ya amince manhajar ta shiga lambobin da ke cikin wayarsa, sau da yawa ba tare da ya fahimci abin da ya danna ba, tunda da Turanci aka rubuta sharuɗɗan. Idan ya makara wajen biya, sai a tura wa surukansa da abokan cinikinsa saƙo cewa shi ɓarawo ne, wani lokaci har da hotonsa. A garin da ɗan kasuwa ke ɗaukar kaya a Kantin Kwari ko Singa bisa amana kawai, saƙo ɗaya irin wannan ya isa ya karya masa jari, ko da daga baya ya biya bashin.

Dokoki dai akwai su. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fitar da ƙa'idojin rajistar kamfanonin rance a 2022, Google ya hana manhajojin rance shiga lambobi da hotuna a 2023, kuma a watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sanya hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC mai kula da kare bayanan. Sai dai dokar da mai haƙƙi bai san da ita ba ba za ta kare shi ba, balle wanda kunya ta hana shi faɗa wa kowa cewa ya ci bashi.

Laifin ba na kamfanoni kaɗai ba ne. Shagunan buga takardu suna tara kwafin takardar lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ta mutane a kwamfuta ba tare da sun goge ba, wasu masu gyaran waya kuma suna buɗe hotunan matan da suka kawo musu aiki. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, don haka ina fatan limamanmu su riƙa kawo wannan batu a huɗubar Juma'a, hukumomin FCCPC da NDPC kuma su samar da layin karɓar ƙorafi da Hausa wanda mace a gidanta za ta iya kira ba tare da sunanta ya fita ba.