Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Hukuncin da Bai Buɗe Ƙofar Bagram Ba

A makon jiya na tsaya a inda na samu gurbin koyon aiki a wani ofishin lauyoyi da ke Landan, a ƙarshen 2011. Aikina bai wuce tattara hukunce-hukunce ina jera su cikin fayil ba, kuma a nan na ci karo da shari'ar Yunus Rahmatullah, wadda ba ofishinmu ke yin ta ba, amma ta hana ni sakat.

Ɗan Pakistan ne da sojojin Birtaniya suka kama a Iraƙi a 2004, suka miƙa shi ga Amurkawa, su kuma suka kai shi sansanin Bagram a Afganistan ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba. Kotunan Amurka ba su da amfani gare shi, domin tun a 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta ce huruminsu bai kai ga baƙin da ke tsare a Bagram ba. Saura kotun Ingila, wadda aka tambaya ko tana da ikon sa baki a kan mutumin da ba ya hannun gwamnatinta.

Lauyoyinsa suka kafa hujja da yarjejeniyar da Amurka da Birtaniya da Ostireliya suka ƙulla a 2003, wadda ta ba ƙasar da ta kama mutum damar neman a mayar mata da shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta amince da wannan hujja a Disamban 2011, abin da ya sa dole gwamnatin Birtaniya ta nemi Amurka ta mayar mata da shi. Na tuna babban lauyan da nake ƙarƙashinsa ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wannan sakin layi na hukuncin, ya ce in jira amsar Amurka kafin in yi murna.

Gwamnatin Birtaniya ta rubuta wa Amurka wasiƙa, Amurka ta ƙi sakin sa, kuma a ranar 31 ga Oktoban 2012 Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da cewa kotun Ingila tana da hurumin sa baki, amma ta karɓi uzurin gwamnati cewa ta yi iya yinta. A ganina alƙalan sun yi saurin gamsuwa da wasiƙa guda, ko da yake ba su da ɗan sandan da za su aika Bagram. Sai a 2014 aka mayar da shi Pakistan.

A mako mai zuwa zan kawo yadda wannan shari'a ta sa na sauya batun kundin digirina na biyu.