Neman Mazarƙwaila a Jidda

Ni 'yar Makarfi ce, garin rake. A gidanmu ba a sayen mazarƙwaila. In lokacin yankan rake ya yi, tun daga bakin gari za ka ji ƙamshin ruwansa yana tafasa. Sai aure ya kawo ni Jidda. A shekarata ta biyu maƙwabciyata, wata 'yar Katsina, ta haihu, na buɗe baki na ce kantun riɗi da alkakin suna a wuyana suke. Ban ko tsaya na tambayi kaina inda zan samu mazarƙwaila ba.

Riɗi bai ba ni wuya ba, simsim suke ce masa, kowane mai kayan ƙamshi yana da shi. Na roƙi maigidan ya leƙa bakala, wato kantin unguwa, ya samo min wani abu baƙi, mai kauri, mai zaƙi. Haka kawai na faɗa, don haka laifin nawa ne. Ya dawo da wata siririyar kwalba, wai dibs rumman. Launin dai shi ne. Na dangwala na lasa, sai da na runtse ido. Ashe ruwan rumman ne aka dafa har ya yi kauri, tsaminsa ya kusa kamo tsamiya. Mutanen Sham a salak da nama suke zuba shi.

Washegari na fita da kaina na sayo dibs na dabino, irin wanda ake yi a Ahsa, can gabashin Saudiyya. Wannan kam zaƙi har kunne. Na soya riɗina ya yi ja, na dafa dibs ɗin, na juye, na shafa wa faranti mai, na murje da kwalba, na zauna jiran ya bushe. La'asar ta yi, magariba ta yi, aka kwana. Da safe na sa wuƙa, wuƙar ta fito tana jan zare. Da cokali yara suka shanye shi. Daga baya na gane zaƙin dabino ɗan'uwan na zuma ne, ba ya son daskarewa, ga shi da jan danshi. Jidda kuwa a bakin Bahar Maliya take, iskarta a jiƙe take.

Akwai wata dattijuwa a layinmu da muke kira Inna. A Makka aka haife ta, kakanninta ta Sudan suka biyo a ƙafa. Na kai mata kukana da farantin a hannu. Ta taɓa, ta yi dariya.

"'Yar nan, ke launi kike bi. Me kike so ya yi miki, ya bushe ko ya jiƙa?"

Na ce, "Inna, kantu bushewa, alkaki jiƙawa."

"To abu biyu kike nema. Dabinon ki bar wa alkaki. Kantu kuwa sai jinin rake. Ki tambayi asal aswad na Misirawa. Kada ki ce asal kawai, zuma za su miƙo miki."

Asal aswad ruwan rake ne da aka dafa ya yi baƙi, yawanci daga kudancin Masar, wajen Ƙina da Naja Hammadi. Misirawa suna gauraya shi da niƙaƙƙen riɗi su ci da burodi. Da na buɗe murfin, maɗi na tuna. Sai dai shi kaɗai yana da ƙarfi, kuma ba ya jure wuta, kina waiwayawa ya ƙone ya koma ɗaci. Tukunya ɗaya ta tafi a haka. Awon da ya zauna min shi ne kofi 1 na farin sukari, babban cokali 2 na asal aswad, da ɗan ruwa, a wuta kaɗan. In ya fara kumfa sai in ɗiga a ruwan sanyi. Idan ɗigon ya dunƙule ya karye tsakanin yatsu, ya yi, sai in juye kofi 2 na riɗi in tuƙa da sauri. Sukarin ke busarwa, asal ɗin ke ba da ƙamshi da launi. Da ya huce na yanka, sai cikin roba mai murfi, don in ya sha iskar garin nan zai saki.

Akwai kuma molasis na Amurka a manyan kantuna. Mafi baƙinsa shi ne ragowar da ke saura bayan an tafasa ruwan rake sau 3 an tsame sukarin. Ga tsada ga ɗaci-ɗaci. Ban sake waiwayarsa ba.

Abin haushi, ainihin mazarƙwailar tana nan kusa da ni duk wannan lokaci. Bayan suna da wata guda na shiga wani shagon Indiyawa a unguwar Sharafiyya neman citta, sai ga curi-curi a leda, ruwan ƙasa. Na shinshina, Makarfi sak. Su gur suke ce mata, 'yan jiharsu ta Kerala kuma sharkara. Yadda muke yi haka suke yi, ruwan rake zalla a dafa ya daskare, ba a cire masa komai ba. A dai narkar a tace tukuna, wata da 'yar ƙasa a ciki, wata kuma da ɗan gishiri-gishiri, gara a gutsura a ɗanɗana kafin a saya da yawa.

Ranar sunan, alkakin da na tsoma a dibs na dabino da ɗan lemon tsami shi ya fara ƙarewa. Uwar mai jego, da ta zo daga Katsina, ta ɗauki kantu ta ɓalla, ta ce, "Wa ya zo muku da mazarƙwaila daga gida?" Inna tana gefe tana jan carbi, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Kwalbar rumman ɗin kuwa a gashin kaza ta ƙare, yanzu maigidan da kansa yake sayowa.