Keken ɗinki da ɗaliban da aka ce ba za su iya ba

Ɗinki nake koyarwa a wata cibiya da ke karɓar matasa masu buƙata ta musamman. Ajina a gauraye yake: akwai kurame, akwai masu jinkirin fahimta, akwai yaro mai larurar otizim, wadda ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a, akwai kuma wata yarinya da shan inna ya raunana mata ƙafafu. Duk baƙon da ya leƙo, "Allah sarki" ne ke fara fita daga bakinsa. Ba na ganin laifinsa, amma na daɗe da lura cewa tausayi bai taɓa koya wa kowa riƙe almakashi ba.

Tela da ya ƙware ba ya ma sanin yawan abin da hannunsa ke yi. A wurinsa sa wa keke zare aiki ɗaya ne. Ranar da na zauna na rubuta shi dalla-dalla, sai ga shi ya haura mataki goma: ɗora zaren a kan tsinkensa, jawo shi ta ƙugiyar farko, saukar da shi tsakanin farantan da ke matse shi, ɗago shi, ratsa shi ta ƙarfen da ke hawa da sauka, har dai a iso kafar allura. Kwarkwaro kuma nasa daban ne. Ɗalibin da aka ce "ya kasa sa zare", sau da yawa mataki ɗaya ko biyu ne suka tsaya masa, sauran duk ya iya. Idan ban san wanne ba ne, ko kwana muka yi muna maimaitawa, wahala kawai za mu sha.

Wannan dabara ba tawa ba ce. Wani malami a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, Marc Gold, ya nuna a 1972 cewa mutanen da ke da tawayar fahimta mai tsanani za su iya harhaɗa birkin keken hawa mai sassa 15, muddin aka daddatsa musu aikin ƙanana-ƙanana. Ra'ayinsa shi ne idan ɗalibi bai koya ba, a fara tuhumar hanyar koyarwa tukuna. Yana kuma koyarwa kusan shiru, da hannu, ba da dogon bayani ba. Wannan na biyun ya fi yi mini wuya, don mu malamai baki ne jarinmu.

Da rigar filo muke farawa, kuma daga ƙarshe muke tasowa. Ni zan yanka, in haɗa, in ɗinke gefe biyu, in bar wa ɗalibi layin ƙarshe da juyar da rigar. Tun ranar farko ke nan ya ga abu ya kammala a hannunsa. Idan wannan ya zauna, sai in bar masa layi biyu, sannan uku, har mu koma kan almakashi. Taimakon ma haka nake janye shi. Da farko hannuna yana kan nasa muna tura yadi tare. Daga baya ya koma wuyan hannu, sannan gwiwar hannu, sannan nuni da yatsa kawai. Akwai yaron da ya iya komai, amma ba zai taka keke ba sai ya ɗago ya dubi fuskata ya ce, "Malam, haka ne?" Ko gira na ɗaga ya samu amsa. Maganinsa shi ne in koma bayansa in tsaya, inda ba ya ganina. Ya yi ta waiwaye na ɗan lokaci, sannan ya fara duban yadin maimakon ni.

Abubuwan da suka fi taimaka mana ba su da wani kwarjini. Mun manna tef mai launi a kan farantin keke, ɗalibi ya riƙa bin sa da bakin yadi, ɗinki ya miƙe sak ba tare da an yi maganar inci ba. Wanda lambobin tef ɗin awo ke rikita shi, mun yanka masa kwali daidai girman abin da zai yanka, ya ɗora ya zagaye da alli. Hanyar zare mun ɗiga mata fenti, ja sannan shuɗi sannan kore. Keken lantarki da ke zabura da gudu, mun sa ɗan katako a ƙarƙashin matakinsa don kada ya danne har ƙasa. Yarinyar nan mai raunin ƙafafu kuwa, matakin muka ɗauko muka ɗaure a kan tebur, tana danna shi da gwiwar hannun dama, yatsunta na riƙe da yadi. Wasu na ganin wannan kamar ha'inci ne. Ni dai na san masana'antun tufafi cike suke da irin waɗannan ma'aunai, kuma babu mai cewa ma'aikatansu ba su iya aiki ba.

Kurame nasu darasin daban. Mai ji yana iya kallon hannuna yana sauraron bakina a lokaci guda. Kurma ido kaɗai ne ƙofarsa: in yana kallon allura, ba ya ganin maganar hannu. Don haka sai in nuna, in tsaya, ya ɗago, in yi bayani, sannan a koma kan keke. In ina son hankalin aji, fitila nake kashewa in kunna. Abin da ya ba ni mamaki, sukan riga kowa gane keke ya samu matsala, don suna jin sauyin girgizarsa a tafin hannu tun kafin zare ya cukurkuɗe.

Inda muke yawan samun saɓani da iyaye shi ne wajen warware ɗinki. Wata uwa ta tarar da ɗanta yana farke layin da ya karkace, ta ce, "Malam, ai ya yi ƙoƙari, a bar masa haka mana." Na ce, "Mama, wanda ya saya don tausayi sau ɗaya zai saya. Ina so a dawo wurinsa don aikinsa." Ba ta ji daɗi ba a ranar. Lokaci ina ƙara wa ɗalibi yadda yake buƙata, kayan aiki ina sauya masa, amma ma'aunin kyawun ɗinki ɗaya ne ga kowa.

Duk wannan a cikin aji ne, kuma aji yana da ruɗi. Ɗalibi na iya ƙwarewa a kekenmu mai ɗigon fenti, a kai shi inda keken ya sha bamban, ya tsaya cak kamar bai taɓa ganin allura ba. Masu jinkirin fahimta musamman, abin da suka koya a wuri ɗaya ba ya bin su zuwa wani wuri da kansa. Shi ya sa masana da yawa suka koma ga a kai mutum wurin aikin gaske, a koya masa a can. Shirin Project SEARCH da aka fara a asibitin yara na Cincinnati a 1996 a kan haka ya ginu. Mu ma yanzu muna musanya kekuna tsakanin ɗalibai da gangan, muna goge fentin kaɗan-kaɗan, kuma zangon ƙarshe a wurin telolin da suka yarda su karɓe su ake yin sa. A can ne ake gane cewa zuwa a kan lokaci, da iya cewa "ban gane ba, a sake nuna mini", da haƙuri in an yi maka gyara, sun kai iya ɗinkin muhimmanci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ne ke rayuwa da nakasa mai tasiri, kashi 16 cikin ɗari na jama'ar duniya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa ta ce a sashe na 27 suna da haƙƙin aikin da suka zaɓa da kansu. Maganar zaɓin nan ita ce ta fi damuna, domin cibiyoyi irin tamu sana'o'i 'yan kaɗan muke da su, kowa ya zo sai a cusa shi a ɗaya. Yaron nan mai otizim bai taɓa son ɗinki ba. Ƙarar kekuna na damunsa, sai da muka sama masa abin toshe kunne muka mayar da shi kusurwa. Amma da an buɗe cikin keke don a sa mai, sai ya taso ya tsaya a kai, ba ya ko ƙiftawa. Na ba shi sukundireba da wani tsohon keke da ya mutu. Ya kwance shi, ya jera kusoshin a kan tebur bisa tsari, ya mayar da kowanne mazauninsa. Na yi magana da mahaifinsa da shugabar cibiya, muka cire shi daga ajina. Yanzu yana koyo a hannun wani mai gyaran kekunan ɗinki, kuma in namu sun fara tsallake ɗinki, shi ake kira ya duba.