Abin da injiniya ya lissafa mana kafin a haƙa harsashi

Jama'ar Damagaram, barkanmu da war haka. Muna ginin bene a unguwar Karkada, kuma zaman da na yi da injiniyan ya sa na daina ganin kuɗin zanen gini a matsayin asara.

Ya fara da iska. Guguwar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas, ba tura bango kawai take yi ba, tsotse rufi take yi ta ɗaga shi sama. In gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta kan gini ninkawa huɗu yake. Shi ya sa ya ƙi yarda a aza duwatsu bisa kwano, ya ce sai an ɗaure katakon rufi da ƙarfe cikin kankaren da ya zagaye saman bango.

Girgizar ƙasa kuwa bai daɗe kanta ba, yankinmu ba ya cikin masu fama da ita.

Ruwan ƙasa ne ya ba ni mamaki. A garin da muke bin 'yan garuwa! Ashe dutsen da Zinder ke zaune kansa ba ya shan ruwa, sai na damina ya kwanta a bisansa, musamman kusa da tafki. Zurfin mita 1 na ruwa yana tura kowace murabba'in mita da nauyin tan 1, har rijiyar siminti marar ruwa yana iya ɗagawa. Wanda ya ga tsohon masallacin unguwar Birni da ruwan sama ya rushe a Satumbar 2024 ba zai yi musun ƙarfin ruwa ba.

Mun ƙara tsayin dakali, mun shafa kwalta a harsashi. Magini na ta ƙunƙuni, wai almubazzaranci ne.